Na Ji ta Sarki da Na Ji ta Marini

Masu riƙe da labarun mutanen da sun ce an yi wani sarki a birnin Tsaunin Gora, sunansa Barmo. Da ƙuruciyarsa ya hau gadon ubansa. Dogo ne, ga murya, ga kunnuwa fala-fala waɗanda rawani kan sha wahalar rufewa. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa kalma biyu ce: "Na ji." Mai kuka zai zo ya faɗi gabansa, ya yi gaisuwa, kafin ya kai ga abin da ya kawo shi sai Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Na ji." Fadawa su ɗauka baki ɗaya, "Sarki ya ji! An gaishe ka, tashi!" Mutum ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa, ya koma gida da sauran maganarsa a ciki.

Duk garin mutum ɗaya ce ba ta shakkarsa, ita ce kakarsa Tabawa, wadda ta haifi ubansa. Tsohuwa ce 'yar firit, haƙoranta sun ƙare amma harshenta na nan da kaifinsa. Sunan mijinta aka sa wa Sarki, don haka ba ta faɗin sunan, Maigida take ce masa. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ba ta ikon gaya masa abin da in wani ya faɗa sai ya kwana a turu. Ta daɗe tana kallon wannan "na ji" tasa, tana taɓe baki, tana ci gaba da kaɗinta.

Ana nan sai Sarki ya sa aka gina masa bene a gabashin fada, tagoginsa na duban karofi, wato wurin da marina ke rini. Ranar da ya fara hawa ya zauna shan iska, wani wari ya doki hancinsa har sai da ya ja bakin rawani ya toshe. Nan take ya sa aka kira Cindo, shugaban marina, ya ce masa kafin kasuwa ta ci yana son a cike ramukan rinin nan kaf. Cindo ya buɗe baki zai yi magana, Sarki ya ɗaga hannu. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Kasuwa ta ci ta watse, ramuka na nan, marina na ta tsoma zane. Sarki ya fusata, ya sa dogarai suka ɗaure Cindo, ya ce bayan la'asar a yi masa bulala a ƙofar fada, gobe ya kwashi iyalinsa ya bar gari.

Da hantsi Dela, matar Cindo, ta shigo sashen Tabawa ko mayafi ba ta yafa daidai ba, ta zube tana kuka. Tsohuwa ta bar ta ta yi mai isarta, sa'an nan ta ce, "To, share hancinki ki gaya mini. Me ya hana mijinki cike ramukan?"

Dela ta ce, "Iya, ramukan nan tun kakanni suke, unguwa guda ke ci daga cikinsu. Warin kuma ba nasu ba ne. Maginan Sarki ne suka aza harsashin bene a kan magudanar da ruwan rini ke bi ya fita bayan gari, ruwa ya rasa hanya ya kwanta ya ruɓe. Tun ana ginin, mijina ya je fada don ya faɗa. Bai kai ga ambaton magudana ba Sarki ya ce ya ji."

Tabawa ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ba tausayi ne ya fara zo mata ba, takaici ne, a ce jinin ɗanta ne ke wannan shirme. Ta ce, "Tashi ki tafi. In kin fita ki gaya wa dogarin ƙofa ya ce wa Sarki matarsa ta fari na kiransa."

Ba a jima ba sai ga Sarki ya shigo yana taku ɗai-ɗai, yana murmushi. Ya ce, "Uwargida, kishi ne ya motsa da safen nan?"

Ba ta ɗaga kai daga kaɗinta ba. Ta ce, "Wa zai yi kishi a kan miji kurma? Zauna, Maigida. Me marini ya yi maka?"

Ya ce, "Ƙarya ya yi mini a gaban fadawana. Ya ce ya ji, bai yi ba."

"Cewa ya yi ya ji, ko cewa ya yi zai yi?"

"Ai duk ɗaya ne."

Ta ce, "Ashe? To kai da kake yini kana cewa ka ji, ka ji, da duk ɗaya ne ai da yanzu babu sauran mai kuka a garin nan."

Sarki ya haɗe fuska ya ce, "Ta sarki daban, ta talaka daban."

Ta ce, "Haka Madugu Arzika ya zata. Bari in ba ka labarinsa."

Ya ɗaga hannu, bakinsa ya riga ya kama hanya. "Na j..."

Ta buga mazari a ƙasa. "Me ka ji? Ban fara ba!"

Sarki ya sauke hannu, ya zauna a bakin tabarma kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ya ce, "To, yaya labarin madugun?"

Tabawa ta gyara zama ta ce:

A zamanin da fatake ke zuwa Gwanja ɗauko goro, an yi wani madugu, wato shugaban ayari, ana ce masa Arzika. Ya san hanya, ba a raina masa wannan, sai dai tun da aka ɗora masa shugabanci ya ɗauka kunnuwansa sun gama aiki. In jagaba mai duba hanya ya zo ya ce, "Madugu, jakuna sun gaji," sai ya ce, "Na ji," ya sa a ci gaba. In aka ce masa wane ba shi da lafiya, a sauka ya huta, sai ya ce, "Na ji," ya zunguri dokinsa. Har fatake suka daina kiransa Arzika a bayan ido, suka koma ce masa Na-ji.

Wata shekara suka makara a Gwanja, damina ta riske su a hanyar dawowa. Suka iso bakin wani kogi da la'asar. A mashigin da aka saba ƙetarewa ruwa bai wuce gwiwa ba, amma duk wanda ya tsaya ya kasa kunne zai ji wani gurnani can daga gabas, ƙasa-ƙasa, kamar ana mirgina turame a cikin rami. Jakuna suka tirje, suka kwantar da kunnuwa. Jagaba ya ce, "Madugu, an yi ruwa a sama, yana tafe. Mu sauka nan har ya wuce." Tsofaffin fatake suka ce haka ne. Arzika kuwa hankalinsa na kan goronsa, yana son ya riga sauran ayarori shiga kasuwa. Ya ce, "Na ji. A ɗaura kaya."

To a cikin ayarin akwai wata mata, Kandala, gwauruwa ce mai jakunanta na kanta, ta sha hanyar nan har ƙafarta ta san duwatsunta. Bakinta ba ya da linzami. Ta zo ta tsaya gaban dokinsa, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Madugu, ka ce ka ji. Wane irin ji? Irin na mutane, ko irin na Mantau ɗan Sarkin Pawa?"

Fatake suka matso, don sun san ba a rasa abin dariya a bakin Kandala. Arzika bai so a ce ya gudu daga maganar mace ba, ya ce, "Wane ne kuma Mantau?"

Kandala ta ce:

A garinmu aka yi shi. Ubansa Sarkin Pawa ne, mutumin kirki, shi kuwa ɗan bai gaji komai ba sai ƙiba da son a san da shi. Kun san kalangu kiɗan mahauta ne, kuma kalangu magana yake yi. Wanda ya tashi a cikinsa, in aka kaɗa, yana jin kalma-kalma kamar da baki aka faɗa. Mantau bai taɓa zama ya koya ba, amma ko'ina ya zauna sai ya ce duk garin babu mai jin kalangu kamarsa.

Akwai makaɗin gidansu, Tunau, dattijo ne da ya yi wa uban kiɗa tun suna samari. Mantau ya ce shi ma sai an yi masa take nasa na kansa. Ya riƙa jan tsohon nan cikin rana daga rumfa zuwa rumfa, in an tashi kasuwa ya jefa masa ƙashi da tantani ya ce ga ladansa. Ran nan igiyar kalangu ta tsinke ana cikin yawo, Mantau ya juyo ya ɗauke shi da mari a gaban mata masu sayen nama. Tunau ya shafa kuncinsa. Ya ɗaura igiyarsa. Kashegari ya zo ya ce, "Ɗan maigida, na samo maka take."

Ya kaɗa. Abin da kalangun ke cewa shi ne, "Ga wawa tafe, ga wawa tafe, kunne ya fi kai."

Kiɗan kuwa ya yi daɗi, yana da wani tsalle a ƙarshensa. Mantau ya ji sauti ya ratsa shi, ya buɗe hannuwa, ya fara rangaji. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suna riƙe ciki. Shi kuwa ya ɗauka murna suke taya shi. Daga ranar duk inda za shi, Tunau na biye yana sanar da gari cewa ga wawa tafe, shi yana gaba yana ɗaga wa mutane hannu.

Ƙanen ubansa ya ga abin ya yi yawa, ya ja shi gefe ya ce, "Kai, ka kuwa san abin da kalangun nan ke faɗi?"

Mantau ya fizge hannunsa ya ce, "Na ji mana, Baffa! Ni kurma ne? Hassada ce kawai, don ku ba a yi muku irinsa ba."

Baffan ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya koma kan fawarsa.

Ba a daɗe ba ya ga wata yarinya a garin da ke gaba da namu, 'yar Sarkin Pawan can, ya ce ita yake so. Iyaye suka yi magana, abu ya kusa ƙulluwa, saura ya je gaisuwa a gan shi. Ya ci ado, ya sha turare, ya ce Tunau ya biyo shi, kuma kada ya sassauta hannu tun daga ƙofar gari har zauren surukai. Tunau ya ce, "Ɗan maigida, a bar kiɗan nan yau." Mantau ya ce in bai kaɗa ba zai fasa kalangun a kansa. To, ya kaɗa.

Gidan mahauta ne, ko kajin gidan sun san kalangu. Tun daga nesa mutanen zaure suka ji ana cewa ga wawa tafe, suka leƙo, suka ga ƙato cikin babbar riga yana taka rawa a kan zagin kansa. Yarinyar na bayan danga da ƙawayenta, dariya ta kayar da ita ƙasa. Uban ya tare shi a bakin zaure ya ce, "Samari, kana jin abin da ake kaɗa maka?"

Mantau ya ce, "Ƙwarai, Baba. Takena ne."

Dattijon ya ce, "To tun da ka ji kuma ka amsa, ba mu da abin ƙarawa. Makaɗinka ya riga ya ba mu shaidarka. A sauka lafiya."

A hanyar komawa ne wata tsohuwa mai tallan daddawa ta fassara masa, kalma bayan kalma, don ita ba ta ga dalilin ɓoyewa ba. Bai sake shiga kasuwar garinmu ba. Har na bar gida, in mutum ya yi rawa a kan abin da ya kamata ya yi kuka, sai a ce ya yi jin Mantau.

Kandala ta numfasa, ta nuna gabas da haɓa, ta ce, "Madugu, ga kalangu can ana kaɗa maka. Ƙarar ta shiga kunnenka, na yarda. Abin da take faɗi ne ban ga alamar ya shiga ba."

Fatake suka yi dariya, dariyar kuwa ita ta ƙarasa ɓata al'amari, don Arzika ya ga in ya fasa yanzu za a ce mace ta juya shi. Ya miƙe a kan likkafa ya daka tsawa, "Na ce a ɗaura kaya a shiga ruwa!"

Jagaba ya dubi tsofaffi, tsofaffi suka dubi juna. Sai suka amsa baki ɗaya, cikin ladabi, "Mun ji, Madugu." Kowa ya nemi gindin itace ya zauna. Wani ma ya ciro goro ya ɓare.

Arzika ya ce, "Ba ku ji abin da na ce ba?"

Suka ce, "Mun ji."

A wurinsa suka koya, bai kuwa gane kayansa ba da aka dawo masa da shi. Ya zage su tas, ya kora jakunansa da kansa, ya shiga mashigi. Ya kai tsakiya ke nan ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da itatuwa da ciyayi. Kafin a ce wani abu babu jakuna, babu huhunan goro, doki ya yi nasa wuri. Allah ya sa da sauran kwanansa, ruwa ya maka shi a kan wata bagaruwa da ta faɗo cikin kogi, ya rungume reshe, rawani ya tafi, wando ya tafi.

Daga can ya riƙa kwarara ihu, "Jama'a! Ba ku jina ne?"

Kandala ta kewaye baki da tafin hannu ta amsa, "Muna ji, Madugu!"

Ba su bar shi ya mutu ba, don ba mugaye ba ne. Amma kafin a ƙulla igiyoyin kaya su kai tsawon da za su isa gare shi, ya sha ruwa ya ƙoshi, ƙaya ta yayyage shi, cinnaku da suka fake a reshen suka yi ta aikinsu. Da aka jawo shi gaɓa yana kakkarwa, jagaba ya rufa masa bargo ya ce, "Sannu, Madugu, ka ji jiki." Kandala ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe akwai inda yake ji." Daga wannan tafiya ba wanda ya sake bin ayarinsa.

Tabawa ta tsaya nan, ta lashi yatsa ta murza zare. Ta saci kallon jikanta. Murmushin da ya shigo da shi ya tafi, kunnuwan nan sun yi ja.

Ya ce, "Wato ni ne madugun."

Ta ce, "Kai? Ina! Madugu ko ba komai ya san hanyar Gwanja."

Ya kawar da kai. Ita kuwa ba ta ga dalilin sassauta masa ba, don ta san irinsu, in aka sassauta sai su ɗauka wasa ne.

Ta ce, "Kalmar nan da kake wasa da ita kamar ƙwallon goruba, ka san girmanta? Da ita hancinka ya ji warin karofi, kuma ka ga da hanci ya ji ai ba ka ce na ji ka zauna ba, tashi ka yi kana neman wanda za ka daka. Da ita ake jin yunwa, a ji gishiri a miya. In baƙo ya zo aka ce yana jin Hausa, ba ana nufin ƙararta na shiga kunnensa ba, don wannan ko akuyata na yi. Ana nufin ya gane. In aka ce ɗa yana jin magana, ana nufin yana aikata abin da aka ce. Can sama da su duka akwai jin ƙai, da jin kunya, waɗannan ban ma tambaye ka ba. Kai a cikinsu duka ka zaɓi na akuya ka riƙe, sa'an nan kana neman talaka ya ba ka na ɗa."

Sarki ya ce, "Amma ni na ba da umarni."

"Shi kuma ya kawo kuka, tun ana haƙa harsashin benenka. Ka tuna abin da ya ce?"

Sarki ya dubi tabarma. Ya tuna Cindo ya zo, ya tuna hannuwansa baƙaƙe da shunin rini, ya tuna har rigar da ke jikinsa. Maganar ce ya lalubo ya rasa. Ya ce, "Ban tuna ba."

Ta ce, "Ba mantawa ka yi ba, ba ka bari ya faɗa ba. Abin da ka ba shi ran nan shi ya dawo maka da shi, ko ƙwayar gero bai rage ba. In bulala ce hukuncin mai cewa na ji bai yi ba, to a fara da babba. Ni zan riƙe maka rawani."

Sarki ya buɗe baki, ya rufe. Tabawa ta ga kalmar nan ta hau harshensa don sabo, ta ga ya haɗiye ta da ƙyar kamar busasshen tuwo. Daga bisani ya ce, "Me ya zo gaya mini?"

Ta ce, "Ni mariniya ce? Ga shi can ka ɗaure. Bakinsa ba ka ɗaure ba. Je ka saurara. Saurare shi ne ka rufe naka bakin har mutum ya kai aya, in ba ka gane ba ka tambaya. Ba ya kisa."

Bayan azahar Sarki ya zauna a fada, ya sa aka kwance Cindo aka kawo shi. Tabawa ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, don ba ta yarda da labarin da za a kawo mata ba. Ta ji Sarki ya ce, "Cindo, faɗi abin da ka zo faɗi tun ana gini."

Cindo ya yi gaisuwa, ya fara. Bai yi nisa ba fadawa suka ɗauka don sabo, "Sarki ya j..." Sarki ya juyo ya dube su, muryoyi suka mutu a maƙogwaro. Suka tsaya cirko-cirko, ba su san me ake yi da baki in ba a amshi ba. Dattijon ya yi ta bayani, yana tsayawa yana duban hannun Sarki ko zai ɗagu, bai ɗagu ba. Ya faɗi yadda magina suka toshe magudana, yadda ruwa ya kwanta, yadda sauro ya hana unguwa barci, har ya ƙara da cewa ruwan ya fara cin gindin benen kansa.

Sarki ya ce, "In aka buɗe wata hanyar ta kudu, ruwan zai fita?"

Tabawa ta ji zauren ya yi tsit. Tun da ya hau gado ba wanda ya taɓa jin ya yi tambaya. Cindo kansa sai da ya rikice kafin ya ce, "Zai fita, ranka ya daɗe, in an haƙa da zurfi."

Sarki ya tashi, ya taka da ƙafarsa har karofi, fadawa na biye suna toshe hanci. Ya ga ruwan kwance, kore shar, ya ga inda katangar benensa ta jiƙe ta fara zubar da ƙasa. A nan tsaye ya ce magina su fara haƙa tun yau, ramukan rini kuma kada wanda ya taɓa su. Ya juya ga Cindo a gaban marina duka ya ce, "Baba, laifin nawa ne. Koma gidanka." Dela da ke cikin taro ta rangaɗa guɗa.

Labari ya bazu a gari cewa Sarki ya fara barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kashegari tun da sassafe ƙofar fada ta cika. Duk wanda aka taɓa sallama da rabin zance ya dawo da sauran: masu rikicin gona, matan da rijiyar unguwarsu ta rufta, makiyayan da aka tare wa burtali, har da wani tsoho da ya manta abin da ya kawo shi tun farko amma ya ce shi ma sai an saurare shi. Sarki bai tashi ba sai da rana ta yi ja.

Ya shigo sashen kakarsa yana jan ƙafa, rawani a karkace, ya zube a tabarma. Ya ce, "Uwargida, kin gama da ni. Gaskiyarki ce, na yarda. Amma wallahi kaina kamar zai tsage, kunnuwan nan har zafi suke yi."

Tabawa ta dube shi sama da ƙasa. A ranta ta ji daɗi, amma ta ga bai yi abin da za a yaba masa ba tukuna, yini ɗaya ne kawai. Ta tura masa ƙwaryar fura da ƙafa.

Ta ce, "Dole su yi zafi, yau suka fara aiki. Sha ka je ka kwanta. Waɗanda ba su samu shiga ba sun ce da asuba za su dawo."